Had-disk ɗin tsohuwar destof: wane kesin zan saya, kuma ta ya zan jona shi?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a Samaru, Zariya. Tsohuwar destof ɗina ta mutu, mai gyara ya ce madabod, wato babban allon kwamfutar, ce ta ƙone amma had-disk ɗin lafiyarsa lau, 1TB ne, kuma duk aikin kwastomomi yana ciki har da furojet ɗin ɗalibai da ba su zo sun karɓa ba. Na sayi wata destof ɗin ta hannu, 'yar ƙarama. Wani maƙwabcina ya ara min kebul ɗin da yake jona had-disk ɗin laftof da shi, bakin ya shiga daidai amma ko motsi disk ɗin bai yi ba. An ce in je shagunan PZ a Sabon Gari in sayi kesin, wato akwatin da ake sa disk a ciki a jona shi ta USB. Wane iri zan saya, kuma yaya zan haɗa ba tare da na rasa kayan ciki ba? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam, amin ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. In na fahimce ka abu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kana son kayan da ke cikin tsohon disk su fito lafiya, sannan kana son sanin kesin ɗin da za ka ci gaba da amfani da shi. Na farkon ya fi nauyi, don kesin in ya lalace gobe ma sai ka hau mota ka koma PZ ka sake wani, amma furojet ɗin ɗalibin da difens ɗinsa ya matso in ya tafi, kai ka san irin tsayuwar da za a yi maka a bakin shago. Saboda haka a kan ceto kayan zan fi tsayawa.

Dalilin da kebul ɗin maƙwabcinka bai tada shi ba

Kwantar da hankalinka tukuna, rashin motsin nan ba alamar mutuwa ba ce, wuta ce ba ta kai masa ba. Had-disk mai juyawa girma biyu ne a kasuwa, na laftof da ake ce wa inci 2.5, da na destof mai kauri da nauyi da ake ce wa inci 3.5. Bakinsu na jonawa, wanda ake kira SATA, iri ɗaya ne sak, ɓangaren bayanai mai haƙori 7 da ɓangaren wuta mai haƙori 15, shi ya sa kebul ɗin ya shiga maka ba gardama, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Amma na laftof 5V kaɗai yake ci, wanda kafar USB take iya ba shi. Na destof kuwa yana son 5V don allon da ke ƙasansa, sannan yana son 12V don motar da ke juya faifan, kuma kafar USB ta kwamfuta ba ta ba shi 12V ɗin. Ko ƙarfin da take bayarwa ma kaɗan ne, USB 2.0 tana ba da 500mA, USB 3.0 tana ba da 900mA, shi kuwa disk ɗin destof lokacin da zai tashi daga tsaye yakan ja kusan 2A a layin 12V. To ka ga ba yadda za a yi ya motsa. Galibi kuma wannan gwajin ba ya yi wa disk komai, zama kawai ya yi bai samu abinci ba.

Wannan shi ne abu na farko da za ka riƙe in ka isa shagon: kesin ɗin inci 3.5 kake nema, mai adaftar wuta tasa daban da ake sa wa a soket. In mai shago ya miƙo maka wani ɗan siriri mai kebul ɗaya tal ya ce zai yi, ba zai yi ba, na laftof ne, disk ɗinka ko shiga cikinsa ba zai yi ba.

Sai kuma ka juya disk ɗin ka kalli bakinsa da idonka. Tunda 1TB ne SATA ne, amma na faɗi wannan saboda masu tsofaffin kwamfutoci da za su karanta: in ka ga layi biyu na ƙananan allurai, wajen 40, da wani bakin wuta mai manyan allurai 4 a gefe, wannan IDE ne, tsohon yayi, kesin ɗin SATA ba zai karɓe shi ba, sai an nemi adaftar da aka yi dominsa. Haka wanda ya ciro wani ɗan siriri mai kamar ƙaramar rula daga sabuwar kwamfuta, wannan M.2 ne, shi ma iri biyu ne, akwai SATA akwai NVMe, kuma ba kowane kesin ne ke karanta duka biyun ba, sai an duba abin da aka rubuta a kwalin.

Kafin ka kashe kuɗi, buɗe sabuwar destof ɗin

Gaskiya in disk irin naka ya zo teburina, ba kesin nake fara ɗauka ba. Kashe kwamfuta nake yi, in zare wayar wuta, in buɗe murfi, in jona shi kai tsaye a madabod da kebul ɗin SATA da bakin wuta na fawa fak, wato akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta. Babu wani ɗan allo a tsakani da zai kawo nasa rikicin, wutar ta fi tsayawa, gudun ma ya fi. Kebul ɗin SATA kuwa kana da shi a cikin matacciyar destof ɗin, ciro shi kawai.

Matsalar ita ce ka ce sabuwar 'yar ƙarama ce. In irin masu faɗin nan ne na HP ko Dell da ake kwantarwa a ɗora monita a kai, yawanci akwai kafar SATA fiye da ɗaya a madabod, ko da babu wurin ɗaure disk na biyu za ka iya ajiye shi a gefe a kan kwali busasshe na ɗan lokacin da za ka kwashe kaya. Abin da kan kawo cikas shi ne bakin wuta, don na siririyar DVD ƙarami ne ba ya shiga had-disk, sai an samo kebul mai raba wuta biyu. In kuma irin 'yan mitsi-mitsin nan ne da ake iya sawa a jaka, masu caja kamar ta laftof, manta da wannan hanyar, ba wuri ba wuta, kesin ne kawai mafita.

In ka jona a ciki ka lura da abu ɗaya, tsohon disk ɗin yana da nasa Windows, kwamfutar na iya ƙoƙarin tashi da shi. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka tabbatar disk ɗin sabuwar ne a gaba. In ba ka saba da wannan ba kar ka yi kasada da kayan mutane, ka kai wa mai gyara ka tsaya a kansa ya yi a gabanka, ko ka wuce ga kesin ɗin.

Zaɓen kesin ɗin

Ka tafi da disk ɗin a hannu, a naɗe cikin tawul ko wani abu mai laushi, kar ka jefa shi a but ɗin mashin yana ta karo har Sabon Gari. Tafiya da shi ta fi duk wani bayani da za ka yi wa mai shago.

Abin da na fi dubawa ba kwalliyar kesin ɗin ba ce, adaftar ce. Juya ta ka karanta, ya kamata ka ga tana fitar da 12V da 2A ko fiye, kuma tana karɓar 100 zuwa 240V. Ɗaga ta a hannu, in ka ji ta sakayau kamar ba komai a ciki, ni dai ba na yarda da ita. Yawancin kesin ɗin da ake kawo min da ƙorafin "yana ɗaukewa yana dawowa" ko "yana ƙas-ƙas ba ya tashi", in na canza adafta sai ka ga magana ta ƙare. Ka kuma duba bakin da ake sa wa a soket, da yawa suna zuwa da ƙafa biyu irin ta Turai ko ta Amurka, su kuma soket ɗinmu masu ƙafa uku ne, sai ka ga yana lilo, ɗan taɓi kaɗan wuta ta yanke ana tsakiyar kwafi. Ka sayi mahaɗi mai kama shi gam tun a nan.

Na biyu USB ɗin. Ka nemi USB 3.0. Kar sunayen da ke kwali su ruɗa ka, USB 3.0 da USB 3.1 Gen 1 da USB 3.2 Gen 1 duk abu ɗaya ne aka yi ta canza wa suna, 5Gbps ne gudunsu a takarda. USB 2.0 kuwa 480Mbps ce a takarda, a aikace ba ta cika wuce 35MB a sakan ba. In kayanka sun kai 500GB, ta USB 2.0 za ka share awa huɗu ko fiye kana jira, ta USB 3.0 kuwa disk ɗin destof mai lafiya yakan yi sama da 100MB a sakan, wato awa ɗaya da wani abu, duk da dai tarin ƙananan fayil irin na Word sun fi cin lokaci a kan manyan bidiyo. A garin da ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta ba, bambancin awa ɗaya da awa huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Amma kar ka ƙara kuɗi don an rubuta 10Gbps, disk mai juyawa ko 5Gbps ɗin ba ya cinyewa, wannan na masu SSD ne, wato disk marar juyawa. Haka in ka ga an rubuta UASP, wata dabarar ƙara saurin tura bayanai ta USB, yana da kyau, amma a irin disk ɗinka ba za ka ji wani bambancin a zo a gani ba.

Gane ta 3.0 ba wuya, leƙa cikin bakin kebul ɗin, yawanci shuɗi ne kuma bayan haƙora 4 na gaba akwai wasu 5 a can ciki. Launi kaɗai ba hujja ba ne, akwai masu fentin shuɗi a kan 2.0, haƙoran ne shaida. Wani abu kuma da ya shafe ka kai mai shagon buga takardu: yawancin kesin na inci 3.5 bakinsu na baya irin na firinta ne amma mai ɗan tudu a sama, kuma kebul ɗin firinta na yau da kullum yana shiga ya yi aiki, sai dai da gudun 2.0. Yara a shago sukan musanya su ba su sani ba, sai ka ga abu ya koma tafiyar hawainiya kana ta zargin disk.

Na uku jikinsa. Na alminiyom ya fi na roba fitar da zafi, in ka samu mai ramukan iska ko 'yar fanka ya fi. A watan Maris da Afrilu zafin Zariya kan doshi 40, shago kuma ga injin fotokwafi yana huci, disk a cikin rufaffiyar roba yana iya haura 50 cikin sauƙi, kuma yawancinsu iyakar da masu ƙera su suka sa ba ta wuce 55 zuwa 60 ba. Ni na fi son in gan shi ƙasa da 45.

Akwai kuma wani nau'in da ba a rufe disk a ciki, tsoma shi ake yi a tsaye ta sama, yana karɓar na laftof da na destof duka. Mu masu gyara shi muka fi so don kullum cikin canza disk muke. A shagonka kuwa ban ba ka shawararsa ba, disk a tsirara yake, ga ƙurar hunturu ga hannun kwastoma ga gwiwar hannun yaron shago.

Batun suna, ana ganin Orico da Ugreen a kasuwa kuma ana samun masu kyau a cikinsu, amma suna a kwali ba ya hana jabu, shi ya sa gwaji a gaban mai shago ya fi. Sai dai fa kar a yi gwajin farko da disk ɗinka mai kayan mutane, ka ce ya sa wani nasa ka ga ya tashi, ya yi kwafin babban fayil bai yanke ba, sannan ka biya, ku kuma yi magana a kan canji in ya ba da matsala. Duba kwalin ka ga iyakar girman disk ɗin da yake ɗauka, 1TB ba damuwa, amma wasu tsofaffin kesin ba sa wuce 2TB, in kana da niyyar sa babba nan gaba. Farashi kuwa yana bin dala, ka zaga shago biyu uku kafin ka tsaya.

Haɗawa

In lokacin hunturu ne, ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa disk, wannan ɗan tas ɗin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota yana iya illata allon. Riƙe shi ta gefe, kar ka sa yatsa a koren allon ƙasa. Tura shi a hankali har bakin ya zauna, bakin yana da lanƙwasa kamar harafin L don haka ta fuska ɗaya kawai yake shiga, in ya ƙi kar ka danna da ƙarfi, juya ka duba. Ɗaure notin duka, kar ya riƙa girgiza a ciki. Ajiye shi inda ba zai faɗi ba, ba a kan injin fotokwafi ba, ba a bakin tebur inda waya ke rataye ba. Sa adafta, kunna makunnin baya, ka kasa kunne, za ka ji ya fara juyawa a hankali sannan ya daidaita. Daga nan ka sa USB, kuma a kafar bayan destof, shuɗiya ko mai alamar SS, don na baya a jikin madabod suke, na gaba kuwa waya ce ta kawo su kuma su ne filashin ɗalibai suka gama sassautawa.

Yanzu ga gargaɗin da na fi so ka riƙe. Bakin adaftar 12V zagayayye ne, kuma akwai cajar laftof da yawa masu 19V da bakinsu ke shiga ramin daidai. In ta shiga, cikin ƙiftawar ido allon disk ɗin ya ƙone, wani lokacin har ka ji ƙauri. An sha kawo min irin wannan, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne, wayoyi sun cakuɗe a ƙarƙashin tebur wani ya laluba ya ɗauko wadda ta shiga. Ka naɗa wa tasa salatif mai launi ka rubuta a jiki. Adaftar dikoda ma ko da 12V ce, da yawansu 1A ne, ba za su ƙona shi ba amma ba za su iya tada shi da kyau ba, sai ya yi ta yunƙuri yana faɗuwa, wannan ma ba alheri ba ne gare shi.

Abin da Windows zai nuna maka

In komai lafiya, za ka ga sabon harafi a This PC, wataƙila ma biyu ko uku, don tsohon disk ɗin a rarrabe yake, har da wani ɗan ƙaramin yanki na tada Windows wanda ba ruwanka da shi. Kar ka tsorata in ka ga jimillar ba ta kai 1TB ba, 931GB Windows yake nunawa, bambancin lissafi ne kawai ba a sace maka komai ba. Kayanka da ke kan fuskar tsohuwar kwamfuta suna cikin Users, sai sunan da kake shiga da shi, sai Desktop da Documents da Downloads. Zai iya ce maka ba ka da izinin shiga foldar, danna Continue ka ba shi lokaci, in kayan da yawa yakan ɗan jima.

In kuma bai fito ba, danna dama a kan Start ka buɗe Disk Management. Wani lokacin yana nan lafiya harafi ne kawai ba a ba shi ba, sai ka danna dama a kan yankin ka zaɓi Change Drive Letter and Paths ka ba shi. In an rubuta Offline, danna dama ka mai da shi Online. Waɗannan biyun ba sa taɓa kaya.

Amma akwai saƙo biyu da in ka gan su ka janye hannunka. Ɗaya mai cewa sai ka yi Format kafin ka yi amfani da disk ɗin, ɗaya mai cewa ka yi Initialize. Duka biyun Cancel za ka danna. Waɗannan na sabon disk ne da ba komai a ciki, a kan naka kuwa rubutu za su yi a inda taswirar kayanka take. Kuma ganin saƙon ba ya nufin disk ya mutu, akwai kesin ɗin da ɗan allonsa ke nuna wa kwamfuta disk ɗin da wani ma'auni daban da wanda aka tsara shi da shi a cikin destof, sai Windows ya kasa gane shi ya rubuta RAW, wato bai gane tsarin da ke kansa ba, ka cire ka jona a madabod ko a wani kesin sai ka ga komai na nan. Don haka kafin a yanke wa disk hukunci a gwada shi ta hanya ta biyu. In kuwa ya nemi makullin BitLocker, wato tsarin Windows na kulle disk, makullin lamba ce mai guda 48, ana samunta a asusun Microsoft ɗin da aka shiga tsohuwar kwamfutar da shi in an ajiye ta can, in babu ita kuwa ba mai buɗe maka.

Da zarar ya buɗe, kar ka tsaya kallon tsofaffin hotuna. Fara kwashe mafi muhimmanci, furojet ɗin ɗalibai da aikin da aka biya kuɗinsa, sannan saura. Kwafi za ka yi ba yankewa ba, na asalin ya zauna inda yake har sai ka buɗe waɗanda ka kwafa ka ga suna buɗuwa. Kuma tunda kwamfutar shago ce da filash ɗari ya shiga, ka sa Windows Security ya bincike kayan, kar ka kwaso bairos ɗin nan mai mai da folda shotkot ka zuba a sabuwa.

Bayan ka gama, sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, tana karanta rahoton da disk ke ajiyewa game da lafiyarsa. In ta nuna Good da shuɗi to madalla. In ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, musamman a layin Reallocated Sectors ko Current Pending Sector, disk ɗin ya fara gajiya, ka kwashe komai kar ka sake dogara da shi. A nan za ka ga zafinsa da yawan awannin da ya yi yana aiki. Wasu kesin masu arha ba sa barin wannan rahoton ya wuce, in ba ta ga disk ɗin ba, to laifin kesin ne.

Zama da shi a shago

Disk ɗin laftof a kesin, in aka ɗauke wuta batirin laftof na riƙe da shi. Naka kuwa a soket yake, ana ɗaukewa ya tsaya cak ko da rubutu yake yi, kuma yawan haka shi ke kawo RAW ɗin da na ambata. In kana da UPS ko inbata, ka sa adaftar kesin ɗin a kai tare da destof, ba destof a UPS kesin a bango ba, wannan kuskuren ina yawan ganinsa. In za a juya daga janareta zuwa wutar gari ko akasin haka, kashe shi tukuna. Kullum ka yi Eject ka jira ya daina juyawa kafin ka kashe makunni, kuma kar a ɗaga shi ko a matsar da shi yana aiki, allurar da ke karatu tana shawagi ne dab da faifan da ke juyawa sau 7200 ko 5400 a minti, ɗan bugu ya isa ya yi masa tabo.

Ni a ganina ma kar ka bar shi a kunne yini guda. Ka mai da shi wurin ajiyar kwafi na biyu, da yamma kafin ka rufe shago ka kunna, ka zuba aikin ranar, ka kashe ka zare daga soket ka sa a durowa. Abin da ke cikin kesin kaɗai ba ajiya ba ce, sai yana wuri biyu. Ayyukan ɗalibai na Word da PDF ba su da nauyi, Google Drive na ba da 15GB kyauta, zai ɗauki masu yawa. In wata rana ka kwashe komai kana son goge shi ka fara sabo, a wurin yin Format tsarin NTFS za ka zaɓa tunda Windows kake amfani da shi, exFAT in zai riƙa shiga Mac, FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, bidiyon biki ɗaya sai ya gagare shi.

In ya ƙi duk da haka

Ban ga disk ɗin ba, kuma maganar mai gyaranka cewa lafiyarsa lau sai an kunna za a tabbatar, don abin da ya ƙona madabod, in wuta ce ta yi sama, yana iya taɓa allon disk ɗin ma. In ka sa adafta mai kyau bai juya ba sam, shiru, allon ake zargi, wannan sau da yawa ana iya gyarawa kuma kayan na nan a faifai, amma ba a ɗauko allon wani disk a ɗaura kawai, akwai ɗan guntun da ke riƙe da bayanan wannan disk ɗin shi kaɗai da sai an mayar da shi kan sabon allon. In yana juyawa lafiya amma RAW yake nunawa ta kowace hanya, akwai manhajoji irin su TestDisk da kan dawo da kaya, da sharaɗin duk abin da aka ceto a wani disk ɗin daban za a zuba shi.

In kuwa ka ji yana ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere, ko ƙara kamar ana goga ƙarfe, kuma ka tabbatar ba adafta ba ce, kashe shi nan take kar ka sake kunnawa, kowane kunnawa ƙara ɓarna yake. Kar a sa shi a firiza, kar a bubbuga shi, kar ka bari kowa ya kwance murfinsa a shago don ƙura ɗaya ta isa ta gama da faifan. Wannan matakin ya wuce teburina da na yawancin masu gyara, aikin kamfanonin ceto bayanai ne masu ɗaki na musamman da ba ƙura, kuma kuɗinsu ya ninka na sabon disk sau da yawa. A irin wannan halin, kafin ka kai ga nan, ka fara kiran ɗaliban, da yawansu suna da kwafi a filash ko a WhatsApp ko a imel ɗin da suka tura wa sufabaiza, sai ka ga abin da ya rage da gaske ba shi da yawa.